Jikana ya hana ni kama masa ƙafa a jami'a

Daga admin: Wata uwa daga cikinmu ce ta turo wannan da murya, ta ce a sakaya sunanta. Na rubuta yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da yara, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da sanyi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda ya san abin da nake magana a kai shi nake so ya amsa, ba mai cewa Allah ya kyauta ya wuce ba, wannan ni ma na iya. Ni ban yi boko ba, ko aji ɗaya ban taɓa zama ba, amma ina da ido, na raini yara da yawa, na san fuskar yaro idan yana ɓoye abu. Admin 'yata, ki rubuta yadda na faɗa kada ki gyara mini magana, kuma ke za ki karanta mini amsoshin, don a gidan nan ba wanda nake so ya ji.

Ina zaune a garin Woodbridge, nan Amurka, wurin ɗana, yana aikin haɗa magani a wani asibiti. Shi da matarsa tun da sassafe suke hawa titin nan na 95, sai yamma likis suke dawowa a gajiye, saboda haka gidan ni ce a cikinsa, ni nake ganin mai shiga da mai fita. Akwai jikana a hannunmu, ɗan babban ɗana ne da Allah ya yi wa rasuwa, baffansa, wato ɗan nan nawa da nake wurinsa, ya ɗauko shi daga Kano yana ɗan firamare. Sunan mai gidana marigayi aka sa masa, bakina ba ya kama sunan, don haka Maigida nake ce masa, shi kuma ya ce mini Amarya, idan yana neman tsokana ya ce Amarya mai sanda. Hausarsa a karkace take, amma da ni dole ya yi ta, ban yarda a ci tuwona a yi mini Turanci ba.

Da ya gama sakandare ya nemi wata babbar jami'a ta jihar nan, can nesa wajen duwatsu, yana son karatun kwamfuta. Ba su ɗauke shi ba. Yaron ya yi kwanaki ba abin da yake shiga cikinsa sai shayi. Daga baya ya zo da wata magana, wai akwai kwaleji ta shekara biyu nan kusa da mu, kowa ya je ana ɗaukarsa, idan mutum ya yi ƙoƙari a can sai ya yi taransifa ya shiga waccan babbar daga aji uku, digirin kuma iri ɗaya da na waɗanda suka fara tun farko. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Makarantar da take ɗaukar kowa, ta yaya za ta zama hanyar shiga makarantar da take ƙin mutane? Na sa ya kai ni na ga wurin da idona. Ba ɗakin kwanan ɗalibai, ba maigadi a ƙofa, filin ajiye motoci ya fi ajujuwan girma. Na ga wata mata mai furfura, sa'ata, da jaka a baya tana sauri, na ce wannan jikanta ta kawo? Ya ce a'a, ita ma ɗaliba ce. Ya ce in ina so ya yi mini rajista mu riƙa tahowa tare, zai riƙe mini sandar. Na ce ya kiyaye ni.

Baffansa mutum ne mai magana ɗaya. Shi dama so ya yi yaron ya bi layinsa na magani a jami'ar da ke kusa da gida, ya riƙa zuwa yana dawowa. Ni na tsaya na ce a bar maraya ya gwada abin da ransa yake so. Ya ce to Hajiya, saboda ke, amma shekara biyu ce, kuma ranar da ya ji an yi tuntuɓe ko a kwas ɗaya, maganar kwamfuta da jami'ar nesa ta ƙare, za a dawo kan tasa. A gabana aka yi, yaron ya ce ya yarda. Kun ga ashe wuyana ne a ciki. Ga kuma mutanenmu, kun san halinmu, a wurin taro kowace uwa da sunan jami'ar ɗanta manne a bayan mota, in aka tambayi matar ɗana ina yaronku yake karatu sai ta ce yana nan yana yi, ta canja magana. Ni nakan faɗi gaskiya in ce kwaleji yake, sai in ga ana kallona kamar na ce yana asibiti.

Tun daga nan na sa masa ido. Karatun nasu ba shi da fasali, yau ya fita da hantsi, gobe sai bayan la'asar, jibi ko ƙofa ba zai leƙa ba, ya ce wai ajin a cikin kwamfuta ake yi. Ɗakinsa a ƙasa yake, wanda suke cewa bezmen, gwiwata ba ta son matakala amma nakan lallaɓa in sauka da kwanon abinci a hannu, sai na shiga nake sallama. Kullum abu ɗaya nake tararwa, allon kwamfuta baƙi ƙirin da ƙananan rubutu kamar tururuwa sun jeru, shi kuma ya toshe kunne yana ta mita shi kaɗai. Na ce da wa kake faɗa? Ya ce da na'urar, ta ƙi jin magana, halinku ɗaya. Wata rana na tarar yana hira da wata yarinya a allon, 'yar Habasha ce da ganin fuskarta, ya ce aikin rukuni aka ba su. Na ja kujera na zauna har aka gama aikin rukunin. Gaskiya ban ji an yi dariya ba, lissafi suke ta nuna wa juna a takarda, amma ai ina zaune.

A zangon karatu na biyu ne na kama abu. Akwai wani littafin lissafi mai kauri, mai shuɗin bango, da yake dakonsa duk Talata da Alhamis kamar mai ɗauke da bulo. Sai na ga Talata ta zo yana barci, Alhamis ta zo yana wanki, littafin kuwa an tura shi ƙarƙashin kwamfuta don ta yi tsayi. Na bari sai da abin ya maimaitu, sannan na tsare shi a kicin baffansa ba ya nan. Da farko ya ce malamin ne ba shi da lafiya. Na ce ya ɗago ya dube ni. Sai ya ce gaskiya ajin ya yi masa nauyi, ya faɗi jarrabawar farko, matar da take ba su shawara a kwalejin ta ce gara ya janye tun da wuri da a rubuta masa mummunan maki, wai janyewa ba faɗuwa ba ce. Na ce ni a wurina wanda ya gudu da wanda aka kayar duk ba su ci ba. Ya roƙe ni kada in gaya wa baffansa, ya ce zai sake ajin a hutun zafi. Kuma ya sake, wannan na shaida, duk zafin nan yara suna yawonsu shi yana fita da littafin, har wuyansa ya yi tsawo. Ya ce ya ci da maki mafi kyau. Ya ce. Har yau baffansa bai sani ba.

Za ku ce me ya hana baffan ya duba sakamako da kansa. Nan ma wani abin mamakin ƙasar nan ne, wai yaro in ya kai sha takwas makaranta ba ta nuna wa kowa makinsa sai da izininsa, ko da kai kake ci da shi. Abin da ya faɗa a wurin cin abinci shi ne sakamako. Baffan ya dawo a gajiye, ya tambaya a tsaitsaye, yaro ya ce lafiya lau, shi ke nan. Ni da na matsa sai ya buɗe mini a kwamfuta ya ce ga shi Amarya, duba da kanki, alhali ya san ban iya karatu ba. Ya nuna mini wani harafi mai kama da jinkar ɗaki ya ce shi ne na ɗaya, kuma gaskiya su suka fi yawa a shafin. Amma yaron nan da sallar bara ya haɗa hotona ina tuƙa babur da baƙin gilashi a ido, ya tura wa dangi har Kano, ƙanwata ta bugo tana salati tana tambaya ko Amurka ta taɓa mini kai. Wanda ya iya ɗora ni a kan babur, jinkar ɗaki ce za ta gagare shi?

Yanzu shekara biyun ta zo ƙarshe, ya tura neman taransifa, ana jiran amsa. Sai kuma maganar ta canja kama. Da can ya ce mana akwai yarjejeniya tsakanin kwalejin da jami'ar, duk wanda makinsa ya kai ana ɗaukarsa. Yanzu ya ce e haka ne, amma yarjejeniyar ƙofar jami'a take buɗewa, sashen kwamfuta kuwa ƙofarsa daban, kujeru kaɗan ne, 'yan gida da suka fara tun aji ɗaya su ma kokawa suke yi a kai, abin da ya rage ake ba 'yan taransifa. Wai za su iya ce masa shigo, amma ka zaɓi wani karatun. Na ce wannan wace irin karɓar baƙo ce, a ce ka shigo amma ba za ka ci abin da ka zo ci ba? Me ya sa ba ka faɗi haka tun farko ba? Ya ce shi ma daga baya ya gane. Ni kuwa sai na ji kamar shimfiɗa yake yi mini, don ranar da amsa ta zo babu ya ce ai na gaya miki.

Na tambayi mutane a kaikaice, kamar jikan wata nake nufi. Maƙwabciyarmu Maman Bulus, 'yar Jos ce, nas, mutuniyar kirki, ta ce 'yarta ta bi wannan hanyar ba wata wahala, a kwantar da hankali. Da na ƙara tonawa sai na ji karatun jinya ne, kuma jami'ar nan kusa ce. Wata a masallaci ta ce ɗan yayarta an ɗauke shi a wata babbar, aka hana shi kwamfuta, ya shekara yana wani karatun yana jiran kujera har ya haƙura. Maganar janyewa daga aji kuwa, ɗaya ta ce tabo ne ba ya goguwa, ɗaya ta ce in an sake an ci har yabo suke yi. Kowa da tasa, kuma kowa da ƙarfinsa yake faɗa.

Ana cikin haka aka yi suna a Annandale muka je. A can na haɗu da wata Hajiya, mijinta farfesa ne a wata jami'a a cikin Washington, sun daɗe a ƙasar nan, mutanen unguwarmu ne a gida, kakarta da mahaifiyata sun yi zaman mutunci. Muna cin waina na ja ta gefe na gaya mata. A wurinmu ai haka ake yi. Uban yaron nan da zai shiga jami'a, marigayi Malam mai gidana da kansa ya sa babbar riga ya kai shi gidan wani babba da ya san mutane, aka gaisa, aka ajiye goro da turare, aka ce ga ɗanka nan. Ba cin hanci ba ne, yaro yana da makinsa, amma maki ba shi da baki, sai wani ya ce na san gidansu. Hajiyar ta ce haba Inna, ai wannan ba komai ba ne, ku zo ranar Lahadi, ya taho da takardunsa Farfesa ya duba, malaman jami'a ai sun san juna. Na dawo raina fari. Na ciro turaren wutan da nake ɓoyo, na sa aka sayo nama na zauna na yi dambu da hannuna. Baffansa na ce masa gaisuwa za ni, ban ƙara ba.

Da na gaya wa Maigida sai na ga fuskar da ban taɓa gani ba. Ya ce wa ya aike ni. Ni, a cikin gidan ɗana, jikana yake tambayata wa ya aike ni. Ya ga na miƙe sai ya sauke murya ya ba da haƙuri, amma bai janye ba. Ya ce Farfesan tarihi yake koyarwa, jami'arsa daban, ba ruwansa da kwamfuta. Ya ce a nan in wani ya buga waya daga waje yana roƙo ba ya ƙara komai, wataƙila ma ya sa a yi wa yaron kallon wanda bai yarda da kansa ba. Na ce to malamar nan taku 'yar Indiya da ka ce ta yi wa jami'ar shaida a kanka, ita ba roƙo ta yi ba? Ya ce wannan daban, ta koyar da shi, ta ga aikinsa. Na ce wato baƙuwar da ta san ka jiya tana da bakin magana, namu da ya san kakanninka ba shi da shi. Ya ce e, haka tsarin yake. Har yanzu wannan bai shiga kaina ba.

Sai na faɗa masa kai tsaye, na ce tsoro kake yi kada Farfesa ya ga takardun. Ya ce e, yana tsoro, bai ɓoye ba. Ya ce Farfesa da baffansa suna waya, suna haɗuwa a taron 'yan gida. Ranar da ya ga an janye daga aji, kafin mu iso Woodbridge labari ya riga mu, kuma baffa ba zai tsaya jin an sake an ci ba, zai ce an yi tuntuɓe kuma an ɓoye masa. Ko amsa ta zo an ɗauke shi, ba zai bar shi ya tafi ba. Wannan kam na san gaskiya ne, don na san wanda na haifa. Amma ina da tabbacin janyewa ɗaya ce a takardun? Abin da na kama da idona ke nan. Wanda ban kama ba fa?

Daga nan ya faɗi wata magana da ta tsaya mini a ƙirji. Ya ce, "Amarya, tun da na zo ƙasar nan duk abin da na samu sai an ce a taimaka maraya ne. Biza maraya, makaranta maraya, har keken da aka saya mini maraya. Wannan ɗaya ki bar ni in nema da sunana. In sun ƙi, ni suka ƙi." Ni ce kuwa mai yawan faɗin kalmar. Amma ku gafarce ni, na daɗe a duniya, na san yaro ya fi iya magana mai daɗi lokacin da aka kusa buɗe abin da ya rufe. Ban san wanne ne a gabana ba, namiji mai zuciya ko mai wayon da ya san inda zai taɓa ni.

Jiya Hajiyar ta bugo ta ce Farfesa ya soke wata fita saboda mu, tana tambaya ko ina cin yaji. Na ce ina ci. Maigida yana tsaye yana ji. Da na ajiye waya ya ce ba zai hana ni ba, kuma ba zai bar ni in shiga tasi da baƙon direba ba, shi zai tuƙa ni har ƙofar gidan, ya buɗe mini mota, ya riƙe mini dambun har bakin matakala. Amma ba zai shiga ba, ba zai ɗauki takarda ko ɗaya ba, zai zauna a mota har in gama. Na ce in shiga gidan mutane in ce jikan nawa yana waje ya ƙi shigowa? Ya ce sai in ce musu direba ne. Da wasa ya faɗa, amma ba wasa a idonsa. Kuma na san Farfesa in ya ga yaro ya ƙi shiga, wannan kaɗai ya isa ya ɗauki waya ya kira baffan.

To jama'a ga tambayata. Ku da kuka bi ta kwalejin nan ta shekara biyu, ko 'ya'yanku suka bi, ku gaya mini tsakani da Allah, daga can ana shiga sashen kwamfuta na irin waɗannan manyan jami'o'in, ko zance ne ake yi wa yara don su yi shiru? Janyewa daga aji ɗaya da aka sake aka ci, tana kashe magana? Malamanmu da kuke koyarwa a ƙasar nan, in tsohuwa ta zo muku da turare a kan jikanta, akwai abin da za ku iya yi, ko kunya ce za ta sa ku ce mini to, in na juya baya ku yi dariya? In kuma fasawa ce, me zan ce wa matar da na ja gefe da bakina, mijinta ya soke fita saboda ni?

In na zauna aka ƙi shi, zan ƙare rayuwata ina cewa ina da hanya na naɗe hannu. In na je abin ya fashe, ni da na tsaya masa ni ce na rufe masa ƙofar, kuma ko ya ci gaba da ce mini Amarya na san ba irin ta da ba ce. Lahadi ta matso. Yanzu haka yana waje yana wanke mota, ina kallonsa ta taga. Na san shi, in na ce tashi mu tafi, makulli kawai zai ɗauka. Shi ya sa nake tambayarku kafin in buɗe baki.